Tayoyin da Suka Binne Jar Akuya

A unguwar Sabon Gari ta Maraɗi an yi wani saurayi direba mai suna Abdurrazak. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, in kuwa aka zo maganar tuƙi, gaskiya hannunsa ya faɗa. Cutarsa guda ɗaya ce, amma ta ishe shi: son a gani. Abdurrazak bai iya yin abu don amfaninsa kawai ba, sai ya waiwaya ya ga ko akwai mai kallo. In aka yaba masa, ranar ko bai ci abinci ba ya ƙoshi. In kuwa aka yi masa dariya, to wannan dariyar za ta kwana da shi ta tashi da shi har shekara ta zagayo.

Motar da yake ja ba tasa ba ce. Wata 'yar ƙaramar kat-kat ce ja, wato mai giyar ƙafa huɗu, wadda Idirisa, mijin yayarsa Habsatu, ya rasu ya bari. Mutanen unguwa suna ce mata Jar Akuya, don ba inda ba ta hawa, kuma ba ta da cin mai. Idirisa bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne Habsatu, da 'yan mata biyu ƙanana, Malika da Nafisa, sai wannan mota. Da ita ake ɗauko zogale da albasa daga Jiratawa a kawo Maraɗi, ranar kasuwa kuma a kai fasinja Tsibiri. Daga cikinta hatsin gidan yake fitowa, da hayar ɗaki, da kayan lakwal, wato makarantar yaran. Ranar da Habsatu ta fita takaba ta miƙa wa ƙanenta makulli, ba ta yi masa dogon jawabi ba. Ce masa ta yi, "Abdu, wagga ba mota ba ce, tukunyar marayu ce. Ka riƙe ta da hannu biyu."

Ya riƙe kuwa, har shekara biyu. Sai wata rana a tsakiyar damina ya shiga fadamar Jiratawa ɗaukar kaya, motar ta kafe a cikin laka. Ana cikin turawa sai ga Rashid, ɗan wani attajiri, a cikin wata ƙatuwar mota mai tayoyi da haƙora zaƙo-zaƙo. Ya ratsa lakar nan ko gezau, ya sauke gilashi ya ce, "A'a, Abdu! Akuyar taka ba ta da kofato ne?" Masu turawa suka kwashe da dariya. Ko minti goma ba a ƙara ba motar ta fita, kowa ya wanke ƙafarsa ya manta. Abdurrazak kaɗai ne bai manta ba.

Da wata daminar ta matso, Habsatu ta lura tayoyin motar sun suɗe. Ta kwance abin da ta daɗe tana tarawa don gyaran mota, ta ba shi, ta ce ya je wajen wani dattijo mai suna Maman Lawali ya sa sababbi irin waɗanda Idirisa yake sawa.

Maman Lawali tsohon direba ne. Ya yi shekara ashirin yana jan motocin porje, na ayyukan raya karkara, a dajin Dakoro da Mayahi, kafin bayansa ya gaji ya buɗe rumfar taya da faci. Da Abdurrazak ya iso, tsohon ya gungaro masa taya mai matsakaitan haƙora, irin wadda ake yi don kowace hanya. Abdurrazak ko kallonta bai yi ba. Idonsa yana can kan wasu guda huɗu da aka jingine a lungu, masu manyan haƙora, irin na laka.

"Baba, waɗancan nike so."

Maman Lawali ya dube shi, ya dubi 'yar motar, ya ce, "Zauna tukuna. Jiya ina ka bi?"

"Kwalta, zuwa Jiratawa."

"Daga nan fa?"

"Na ratsa yashin ƙorama na shiga ƙauyuka."

"Shekaranjiya?"

"Tsibiri. Kwalta da burji."

"To bara gaba ɗayanta, sau nawa ka kahe cikin laka?"

Abdurrazak ya ɗaure fuska ya ce, "Sau guda."

"Ka kwana can?"

"A'a."

"To ka ji. Ɗana, hanyarka kwalta ce da yashi. Waɗancan da kake gani, an yi su ne su kama laka su watsar da ita. In ka sa su cikin yashi, aikin da suka sani shi za su yi: su kama su watsar. Haƙa za su yi kamar an sa mutum huɗu da fartanya. Ga su da nauyi, injin Akuya ƙarami ne. Wagga da na ba ka, hawa take bisa yashi, ba ta tona shi. Laka mai ɗan dama ma tana fita. In ta yi yawa, ka kewaya, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya kewaya."

"Baba, zamani ya sake. Ku naku tuƙin na da ne."

"Yashin ma ya sake?" in ji tsohon. Ya goge hannu da tsumma. "Da motarka ce, sai in sa maka in yi shiru. Amma na san mai ita, ni na yi masa sallar gawa a sahun gaba. Ba ni sayar maka da su."

Wani mai hankali da nan ya tsaya. Abdurrazak kuwa tashi ya yi yana huci, ya zagaya bayan tasha wajen wani mai taya da ba ya tambayar kowa inda za shi. Kafin la'asar an ɗaura wa Jar Akuya tayoyin laka guda huɗu. Kai, in ka gan ta sai ka yi dariya, kamar yarinya ta sa takalmin soja. Da Habsatu ta fito ta gani ta ce, "Abdu, mi ne ne wanga?" Ya ce ai su ne masu ƙarko, kuma Maman Lawali da kansa ya zaɓa. Ta yarda, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Daga ranar, in ya hau kwalta sai tayoyin su ɗauki wani gurnani da ake ji tun daga nesa. 'Yan kabu-kabu su waiwayo, masu shayi su ɗaga kai, shi kuwa ya ɗora gwiwar hannu a taga yana murmushi. Motar ta fara shan mai, ta fara nishi a kan tudu, birki ya ƙara nisa in an yi yayyafi. Sau biyu tana tona rami a yashin lungunan Sabon Gari, da ƙyar ta fita. Duk ya gani. Sai ya ƙara ƙarar rediyo.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, a farkon watan Yuli. Habsatu ta bi shi don ta yi ciniki da kanta da matan da ke sayar mata da zogale a wani ƙauye da ke hayin ƙorama, bayan Jiratawa. Da safe ta gada suka bi. Bayan azahar, da aka cika motar da buhuna har bisa rufi, Abdurrazak ya ce su yanke ta cikin ƙorama, sun huta da zagaye. Ƙoramar faɗi gare ta, a bushe take ƙayau, farin yashi ne daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da tsofaffin tayoyi ya ratsa ta ya fi sau ɗari.

A bakin gangaren suka tarar da wani dattijo, Malam Zakari, yana kwance wa shanunsa biyu amalanke a inuwar gawo, ga wasu manoma suna hutawa. Dattijon ya ɗaga musu hannu.

"Samari, in za ku ƙetare ku yi maza, in ba haka ba ku koma ta gada. Dubi kudu."

Can ta wajen iyaka sama ta yi baƙi ƙirin, amma a nan rana ce tsaye.

"Ɗana ya bugo mini daga can sama," in ji Malam Zakari. "Tun hantsi ake zuba ruwa. Yana hanya."

Habsatu ta ce, "Abdu, mu koma ta gada."

Amma manoman nan sun riga sun taso suna kewaya motar, wani yana shafa haƙoran tayar yana cewa, "Kai! Wagga ko dutse ta hau." Abdurrazak ya ji maganar har cikin ransa. Ya ce, "Yaya, minti biyu ne. Ki dai riƙe da kyau." Ya sa giyar ƙafa huɗu, ya gangara da gudu don masu kallo su gani.

Har tsakiya lafiya lau. Daga nan yashin ya yi laushi, motar ta rage gudu, ta yi wani ɗan tsalle, ta tsaya. Abin da kowane direban yashi ya sani shi ne, da zarar mota ta tsaya, ka ɗauke ƙafarka. Abdurrazak ya san haka sarai. Amma ana kallonsa. Ya taka wuta. Yashi ya tashi ta baya kamar ana sheƙar hatsi, motar ta nutse kamu guda. Ya sa baya, ya sake takawa. Ta ƙara nutsewa.

Malam Zakari ya sauko yana ɗaga hannu. "Tsaya! Tsaya, yaro, binne ta kake yi! Sauko ka sace wa tayoyin iska, su baje. Mu sa kara a ƙarƙashi mu tura."

"In sace iska? Sababbin tayoyi? Baba, shanu ka sani, bar mini mota."

Ya sake takawa, har sai da warin ƙonewa ya tashi daga ƙarƙashi. Da Habsatu ta buɗe ƙofa za ta fita, sai ta ga ba sai ta sauko ba, ƙasa ta zo daidai da ƙafarta. Ta ciro waya, ta kira Maman Lawali.

"Baba, mun kahe cikin ƙorama da tayoyin da ka zaɓa muna, kuma an ce ruwa na tahe!"

"Ni? Ɗiyata, ban zaɓa ba, hana shi na yi. Bar wannan yanzu. Cikin motar ya taɓa ƙasa?"

Ta duƙa ta leƙa. "Ya taɓa, Baba."

Tsohon ya ce, "Ku sauke kaya duka. Ku sace iska. Ku tone ƙarƙashinta da duk abin da kuka samu. Kada ya ƙara taka wuta. In kun ga ruwa ya kai ƙauri, ku bar ta, ɗiyata. Ku bar ta ku hita."

Habsatu ta sauke wayar ta dubi ƙanenta. Ba ta yi masa faɗa ba, babu lokaci. Ce masa kawai ta yi, "Ashe ƙarya ka yi mini." Ta juya ta fara jan buhu.

Nan girman kan Abdurrazak ya zube. Ya faɗo daga motar, ya tsinci tsinke ya danna bakin iskar taya, tana huci shi ma yana huci. Manoma suka kawo fartanya biyu da kara da rassan sabara. Aka yi ta jidar buhuna zuwa gaɓa. Abdurrazak ya kwanta rub da ciki yana tono da hannu, yashi mai zafi yana shiga bakinsa, farcensa ya fashe bai ji ba. Yana tonowa yashin yana zubowa yana cike ramin. Habsatu ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta durƙusa a ɗaya gefen tana tono da murfin kwano, tana faɗin, "Ya Allah, don marayun nan. Ya Allah, don marayun nan." Malam Zakari, wanda aka ce shanu kaɗai ya sani, ya koro shanun nasa ya ɗaura musu igiya a gaban motar.

"Ja! Ja!"

Shanu suka ja har gwiwoyinsu suka nutse. Mutum shida suna turawa. Motar ta motsa kamar taki ɗaya, kowa ya yi kabbara, sai ta koma ta zauna. Da a ce tun tsayawar farko aka yi wannan, da tuni suna Jiratawa. Amma ramukan da haƙoran nan suka tona sun yi zurfi, kowace taya tana zaune a cikin nata.

Sai iska ta sauya, ta taho da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani daga kan gaɓa ya ƙwala ihu, "Ga shi nan! Ruwa!"

Bai zo da hayaniya ba da farko. Wani siririn harshe ne mai kumfa, yana turo karmami da kashin awaki a gabansa, yana tafe a hankali kamar ba shi da niyyar kowa. Ya shafi ƙafafunsu, ya cika ramukan da suka tona. Abdurrazak ya faɗa cikin motar ya tayar da ita.

"Ku tura! Don Allah ku tura! Don girman Allah, sau ɗaya kawai!"

Suka tura. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙauri. Ya zama ja, ya fara ƙara, yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu. Manoma suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya suna neman gaɓa. Shanu suka firgita suna kuka, igiya ta ɗaure su da motar da ta fara karkata. Malam Zakari ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya dubi Habsatu, idonsa cike da hawaye.

"Ki yahe mini, baiwar Allah. Su ma su kaɗai gare ni."

Ya yanke igiyar.

Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Abdurrazak ya ƙanƙame sitiyari yana murɗa makulli, yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Ba ni barin ta! Wallahi ba ni barin ta!" Habsatu, da ruwa ya kai mata cinya, ta zura hannu ta taga ta cafki wuyan rigarsa.

"Hito! Na rasa Idirisa, na rasa mota, kai ma so kake in je Tsibiri in gaya wa Inna na baro ka cikin ruwa? Hito, na ce!"

Ta fizgo shi da wani ƙarfi da ba ta san tana da shi ba. Da ɗaya hannun ta tsinko carbin Idirisa da ke rataye a madubi. Manoma suka miƙo musu gora, aka jawo su gaɓa. Ko juyowa ba su gama yi ba babban ruwan ya iso, ɗauke da kututture da rassa. Ya bugi Jar Akuya a gefe. Ta ɗaga, ta juya a hankali, jan rufinta ya leƙo sau ɗaya, shi ke nan.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Zakari. Habsatu ta zauna a kan buhun zogale, carbi a hannunta.

Washegari da hantsi ruwa ya janye. Aka sami motar can ƙasa da mashigin, a kife. Yashi ya binne ta gaba ɗaya, ya cika injin, ya murƙushe rufin. Abin da ya rage a waje tayoyi huɗu ne kawai, suna kallon sama, ruwa ya wanke su tas, ko haƙori ɗaya bai karye ba. Labari ya bazu. Mutane suka yi ta zuwa daga Jiratawa, 'yan kabu-kabu suka yi ta kawo 'yan kallo daga Maraɗi, ana ɗaukar hoto da waya. Abdurrazak yana tsugune a gefe, kansa a tsakanin gwiwoyi, yana jin wani baƙo yana cewa, "Amma fa tayoyin nan na da kyau!"

Maman Lawali ya zo da makaniki, suka zagaya, suka tona kaɗan suka leƙa. Makanikin ya girgiza kai ya ce sai dai 'yan gwangwan. Tsohon bai ce wa Abdurrazak "na gaya maka" ba. Ya dafa kafaɗarsa kawai ya wuce, ya je ya tsaya kusa da Habsatu.

Kafin wata ya ƙare, Habsatu ta saki ɗakin Sabon Gari. Aka ɗora 'yan komatsanta a amalanke, aka cire Malika da Nafisa daga lakwal ɗinsu, za su koma Tsibiri gidan Inna. Abdurrazak ne ya ɗaure kayan, bai iya haɗa ido da kowa ba. Da za su tashi ya durƙusa a gaban yayarsa ya ce, "Yaya, ki yahe mini."

Ta ce, "Ni na yahe maka, Abdu, tun a bakin ruwa. Amma motar ba tawa ba ce." Ta nuna masa yaran da ke zaune a kan katifa. "Ga masu ita nan. Ka gaya musu da bakinka."

Ya matsa kusa da amalanken. Nafisa, ƙaramar, ta leƙo ta ce, "Kawu, yaushe za ka zo ka ɗauke mu da motar Baba?" Abdurrazak ya sunkuyar da kai. Mai amalanke ya kaɗa jakinsa, suka kama hanyar Tsibiri, yarinyar tana ta waiwayensa tana jiran amsa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. In za ka zaɓi kayan aiki, taya ce ko wani abu, ka dubi hanyar da kake bi kullum, kada ka dubi idon masu kallo ko dariyar da aka yi maka rana ɗaya. Tayar laka ba ta da laifi, a cikin laka ba ta da na biyu, amma Abdurrazak mutumin kwalta da yashi ne, kuma ya san haka tun kafin ya saya. In wanda ya riga ka sanin hanya ya ba ka shawara, ka saurara ko da ba ta yi maka daɗi ba. In ka ga ka fara nutsewa, ka ɗauke ƙafarka tun ramin bai yi zurfi ba, don jin kunya na minti goma ya fi asarar da ba ta gyaruwa. Fiye da duka, abin da aka ba ka amana ba wurin nuna isa ba ne. Masu tafa maka za su koma gidajensu su ci tuwonsu, waɗanda suka dogara da kai su ne za su kwana da yunwa.